Ɗaɗɗorin Inna da Ɓerayen Jami'a

Inna ta fara gajarcewa tun kafin kowa ya ce tana da ciwo. Ni na fara lura, don ni ke yi mata wanki. Zanin da a da yake tsaya mata a idon sawu sai ga shi yana sharar ƙasa, bakinsa kullum da laka. Bayanta ya ranƙwafa daga sama, in za ta kalle ka sai ta ɗago kai kamar mai leƙen rufin ɗaki. Na yi mata magana ta ce tsufa ne, ni ma in jira nawa.

Sana'arta sayar da itatuwan magani a kasuwar Samaru. Saiwoyi, sassaƙe, ganye busasshe a ƙulle cikin leda. A wannan rumfar na buɗe ido na gan ta. Amma abin da aka san ta da shi ɗaɗɗori ne, wani tsiro mai yaɗo, jikinsa kusurwa huɗu, gaɓa-gaɓa kamar ƙasusuwan yatsa. Masu ɗori daga nesa suke zuwa saye a wurinta, haka tsofaffin mata masu ciwon baya da gwiwa. Ta kankare kusurwoyin, don in an bar su suna ƙaiƙayi a maƙogwaro, ta shanya a inuwa, ta daka. Wasu su zuba a kunu, wasu su kwaɓa da man shanu su shafa.

Ni kuwa ban taɓa zama a aji ba sai bayan mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya a Sabon Gari. Na shiga makarantar manya ta yamma, ina riƙe fensir kamar muciya. Da takardar da na samu aka ɗauke ni shara a jami'a, aka tura ni ɗakin da ake kiwon ɓerayen gwaji. Farare ne, masu jajayen idanu. Ni ke canza musu dusar katako, in wanke kejinsu, in cika musu kwalaben ruwa. Inna ba ta taɓa kiran aikin nan da sunansa ba. In wata ta tambaye ta ina nake, sai ta ce, "Tana can ta yi boko da tsufanta, an ba ta kwasar kashin ɓera."

Ranar da ta yi atishawa bayanta ya riƙe har ta kasa miƙewa daga kan buzu, na sa ta a mota zuwa asibiti a Shika, tana zagina tun daga ƙofar gida. Aka yi hoto, aka yi awo. Likitar, mace ce mai magana a hankali, ta ɗaga hoton a gaban fitila ta nuna mini. Ta ce ƙashin Inna ya zaizaye ta ciki, daga waje kamar lafiya, ciki kuwa kamar azarar da gara ta ci. Ta ce haka yakan sami mata bayan al'ada ta ɗauke, musamman marasa jiki irinta. Ƙasusuwa biyu na bayanta sun riga sun lotsa, shi ya sa take gajarcewa. Abin tsoron shi ne ƙugu. In ya karye, tsohuwa ba kasafai take sake tafiya da ƙafarta ba.

Aka rubuta ƙwaya iri biyu. Ɗaya babba, fara kamar alli, kullum. Ɗayar sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a ci komai, da ruwa kofi cike, kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa a zaune ko a tsaye. Inna kuwa duk duniya ba abin da take so kamar ta ɗan kishingiɗa bayan asuba. Duk da haka ta sha. Watanni tana sha, tana mita.

Abin da ya fi rashin kwanciyar ci mata rai shi ne kasuwa. A wurin masu sana'arsu, mai magani ba ta shan maganin wani kan ciwon da ita take sayar da maganinsa. In ma za ta sha, kada ido ya gani. To, ido ya gani. Maƙwabciyar rumfarta, mai sayar da kanwa da citta, wadda suka shekara talatin suna gaisawa da baki suna hararar juna da ciki, ta jira sai da rumfar ta cika da mata sannan ta leƙo.

"Hajiya, an ce an gan ki a Shika, a layin masu ciwon ƙashi. Na ce ƙarya ne, kaya ta kai musu."

Matan suka yi dariya. Inna ma ta yi.

Ana cikin haka wata ɗaliba ta zo ɗakin ɓeraye. Haifaffiyar Sabon Gari ce, iyayenta mutanen kudu, babanta yana sayar da kayan mota. Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Anti take ce mini. Ta ce bincikenta a kan itatuwan da ake zaton suna hana zaizayar ƙashi ne, kuma ɗaɗɗori take nema, na gaske, daga hannun wanda ya san shi. Na ce ta biyo ni ranar Asabar.

Inna ta yafa mayafinta na zuwa biki. Tun daga nesa da ta hango mu ta ɗaga murya, ba don mu ba, don rumfar kanwa.

"Ku matsa mata, daga jami'a take. Tambaya ta zo yi."

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta fito da littafi. Yaushe ake sara, da rani ko da damina? Me ya sa ake kankare gefen? Nawa ake zubawa a kunu? Inna ta amsa kamar alƙali, tana jan kowace magana. Ban taɓa ganin wani ya rubuta abin da ta faɗa ba, ita ma ba ta taɓa gani ba.

"To wa za ki ba?" in ji Inna. "In marasa lafiya kike so, ga su nan suna zuwa mini kullum."

"A'a Mama, ɓeraye za mu fara ba."

"Ɓera? Wanda yake fasa mini buhu? Shi za ki ƙara wa ƙarfin ƙashi? Ke 'yar nan, ba ki da tausayi."

Suka yi ta dariya su biyu. Amma kafin mu tafi yarinyar ta riƙe hannunta ta ce, "Mama, Anti ta ce kina shan na asibiti. Don Allah kar ki bari. Wannan namu har yanzu tambaya ce, ba mu san amsar ba." Ina tsaye aka faɗi wannan. Ba zan ɗora wa yarinyar nan laifin da ba nata ba.

Aikin ya ɗauki watanni. Ɓeraye mata aka zaɓa, aka yi musu ƙaramar tiyata aka cire inda ƙwan haihuwa yake fitowa, don jikinsu ya zama kamar na macen da al'adarta ta ɗauke. Garin ɗaɗɗorin aka jiƙa shi cikin wani ruwa mai warin sibirit, aka tace, aka ƙafar da shi har ya koma baƙin danƙo kamar kwalta. Kowace safiya ni ke riƙe ɓera ta fatar ƙeya, ita ta ɗura masa da siririn bututu. Wasu a ba su, wasu a hana su, don a ga bambanci. Da lokaci ya cika aka kashe su duka, aka zare ƙashin cinya, aka riƙa ɗorawa a wata na'ura tana dannawa har ya karye. Ƙarar kamar an karya tsinken ashana.

Ranar da ɗalibar ta gama lissafinta ta same ni ina wanke keji, fuskarta a sake.

"Anti, akwai alama. Na waɗanda suka sha ya ɗan fi jure danni kafin ya karye."

Sai ta ci gaba. Ta ce ɓerayen kaɗan ne, sai an sake. Ta ce a cikin danƙon nan akwai sinadarai da yawa, ba a san wanne ne ya yi aikin ba. Ba a san ko garin da ake zubawa a kunu yana kai wannan ƙarfin ba, ba a san abin da zai yi wa hantar tsohuwa ko ƙodarta in ta daɗe tana sha ba. Tsakanin ɓera da mutum, ta ce, tafiya ce ta shekaru.

Na ji duka, kuma na gane. Ba zan fake da cewa karatuna na tsufa ne ba. Amma daga ƙofar jami'a zuwa kasuwa na zubar da rabin maganar a hanya da gangan. Ina so sau ɗaya a rayuwata in kawo wa matar nan wani abu daga aikin da take rainawa, ta karɓa da hannu biyu. Na iske rumfar cike, mai kanwa na zaune a bakin tata. Na tsaya a tsakiya na ce da ƙarfi, "Inna, an gwada, naki ya yi. Ƙashin ɓerayen da suka sha ya ƙi karyewa."

Bai ƙi ba. Ni da hannuna na share gutsattsarinsa na zuba a bola.

Inna ta juya ta kalli rumfar kanwa, ta daɗe tana kallo. Da yamma ta ƙulle mini daddawa da kuka ta ce in kai wa yara. A ranar ne kaɗai na taɓa jin ta ce wa wata, "Ai 'yata a jami'a take aiki."

Labari ya zaga. Mata daga Jama'a, daga Basawa, har daga cikin birni, suna neman wanda jami'a ta gwada. Ni kuma duk wata ina kawo mata ƙwayoyinta daga Sabon Gari zuwa gidan Yaya, babban wanmu, inda take zaune. Ta ce, "Ajiye nan." In na tambaya ta ce, "Ina sha mana, ko sai na kira ki kin gani?" Ban matsa ba. Muna zaman lafiya a karon farko, ban so in ɓata. Fiye da shekara muka yi a haka.

Da damina ne Inna ta faɗi, da rana tsaka, a cikin rumfarta. Faɗuwar ma ba ta kai a kira ta faɗuwa ba. Ta juya za ta ɗauko leda, takalminta ya zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta zauna daɓas. Yaro zai yi irinta ya tashi yana dariya. Ita ba ta tashi ba.

Kafin a same ni a waya, Yaya ya riga ya sa ta a keke napep ya kai ta wurin wani mai ɗori a Dogarawa. Na san mutumin. Tsohon mai sayen kayan Inna ne, kuma shi ya ɗora hannun ɗana na biyu ya warke sumul. Ba macuci ba ne. Amma hannun yaro daban, ƙugun tsohuwa daban. Karayar tana can ciki, inda ƙashin cinya ke shiga ƙugu, inda babu karan da zai riƙe ta. Tun daga zaure na ji muryarta. Mutum biyu sun danne ta, shi yana jan ƙafar. Ya yi tofi, ya shafa man shanu da garin ɗaɗɗorinta, ya jera karare ya ɗaure.

Na ja Yaya waje.

"Yaya, mu ɗauke ta yanzu. Likita ta faɗa mini tun farko, in ƙugu ne, a kwanakin farko ake aiki."

"Aikin me? Su yanka ta su sa mata ƙarfe? Tsohuwa kamar wannan?"

"Su sa mata ƙarfen ta tashi."

"Ke matsalarki kenan. Kin iya rubuta sunanki kin zama likita. An riga an sa hannu, kuma kin san ƙa'ida, ba a kwance ɗori sai ya yi kwana arba'in. In wani hannu ya shiga, shi malam ya cire nasa."

"Ya cire mana. Uwarsa ce?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya tuna shekaruna, ya sauke. Na ture shi na koma ciki na durƙusa a kanta. Gumi ya jiƙa mata kallabi. Na ce, "Inna, ki ce a kai ki Shika. Ke kaɗai za ki faɗa su ji."

Ta buɗe ido. "In je Shika da karaya? Ni? Bayan duk garin nan ya ji an gwada nawa? Ai gara ki ɗauke ni ki kai rumfar matar can ki ajiye, ta yi dariyar ta huta."

"Inna, ƙafarki ce."

"Ke kika zo kika faɗa a gaban mutane. Ko ƙarya kika yi?"

Nan ne wurin da ya kamata in ce e. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, mai ɗori na wanke hannu, matan gidan sun cika taga. Na ce a raina gobe zan faɗa mata mu biyu. Na tafi gidan Yaya ɗauko mata zannuwa, na buɗe babbar kwallar da take ajiye kayanta a ƙarƙashin gado. A ƙasan zannuwan na same su. Ƙwayoyin da na yi ta kawowa, a jere cikin kwalayensu, wata bisa wata, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Ta adana su tsaf, don ba ta iya zubar da abin da aka ba ta.

Washegari na faɗa mata gaskiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta juya fuska bango ta ce in fita. Ba ta canza magana ba. Yanzu ma ta fi ƙin zuwa, don in ta je ta tabbatar wa kasuwa abin da na faɗa mata a ɓoye.

Aka yi arba'in aka kwance. Ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin ya kwanta waje. Gadon bayanta ya yi gyambo saboda kwanciya, tana tari. A lokacin ne Yaya ya ce, to, a gwada asibitin. Likitar ta duba sabon hoton. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ƙashin bai haɗu ba, kuma ba zai haɗu da kansa ba. Ana iya gwada aikin har yanzu, amma jikin ya yi rauni, ƙirjin ba lafiya, haɗarin ya ƙaru sosai. Inna ta ce ba wanda zai yanka ta, a mayar da ita gida.

A baranda na tare likitar na tambaye ta, da ta ci gaba da shan ƙwayar, da ba ta karye ba? Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Maganin yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, akwai masu sha su karye. Na so ta ce mini e ko a'a. Da ɗayan biyun na san inda zan ajiye kaina.

Ɗalibar ta zo dubiya da lemo a leda, bayan ta gama karatunta. A tsakar gida na gaya mata abin da na faɗa a kasuwa. Ta rufe baki da hannu. Ta ce da ta sani da ta bi ni ranar ta faɗa da bakinta. Na tambaye ta ina aikin ya tsaya. Ta ce inda na bar shi. An ɗinke littafin an ajiye a ɗakin karatu, ba a samu halin sakewa ba, ita kuma ta samu koyarwa a wata jiha. Ta ce har yanzu tana ganin akwai wani abu a cikin tsiron nan, wata rana wani zai ware shi ya auna shi yadda ya kamata. Ban musa ba. Mai yiwuwa jikokina su sha shi a ƙwaya, da sunan da ba za su iya faɗa ba. Uwata dai ba ta da shekarun jira, kuma ni na sa ta ɗauka an gama.

Na dawo da ita ɗakina a Sabon Gari, don matar Yaya tana da nata ƙananan yaran, kuma juya tsohuwa duk bayan awa biyu ba aikin da ake roƙon suruka ba ne. Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai ɗinki, ita ke leƙa ta in ina wurin aiki. Yaya yana zuwa ranar Juma'a ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," ya tafi. Bai taɓa ɗaukar fo ba. Bai taɓa ganin gyambon ba. Har yau yana gaya wa mutane ƙaddara ce, kuma ni ba na musun ƙaddara, amma na ga hannuwan da ta biyo ta cikinsu, har da nawa.

Rumfar kuwa, Inna ta ƙi a taɓa. Watanni tana rufe da buhu, Inna tana cewa da ta ɗan ji ƙarfi za ta koma. Wata safiya bayan na yi mata wanka na shafa mata mai, ta ce, "Ɗaga ni in gani."

"Inna, za ki ji ciwo."

"Na ce ki ɗaga ni."

Na sa hannuwana a ƙarƙashin hammatarta na miƙe da ita. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta dafa kafaɗuna, ta taka mai lafiyar, ta nemi ta taka ɗayar. Na ji ta sake gaba ɗaya a jikina, goshinta a wuyana, tana numfashi da ƙyar. Muka tsaya a haka. Ta sake gwadawa, ƙafar ta lanƙwashe kamar ba tata ba.

"Sauke ni," ta ce.

Na kwantar da ita, na gyara mata matashi a tsakanin gwiwoyi. Ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta ce in Yaya ya zo Juma'a in gaya masa ya je ya kwashe buhunan, ya ce wa sarkin kasuwa ya ba wani rumfar. Ba ta sake cewa in ɗaga ta ba.